Aiki Biyu, Gari Biyu: Ina Za Mu Sauke Kayanmu?

Anti, barkanki da aiki. Ina neman shawararki kan wata magana da ta hana gidana sukuni kusan wata biyu ke nan.

Maigidana ya samu aiki a wuri biyu lokaci guda, kuma zuwa ƙarshen wata mai kamawa ake jiran amsarsa. Na farko a babban birni ne, albashin ya ɗara ɗayan da kashi 40 cikin ɗari. Na biyun a wani matsakaicin gari ne, a wani yanki daban, shiru-shiru babu hayaniya. Ko wanne ya karɓa sai mun tashi daga inda muke. Yaranmu biyu, ɗan shekara 7 da 'yar shekara 3. Ni kuma ɗinki nake yi a gida, alhamdulillahi ina da masu kawo mini aiki.

Shi dai zuciyarsa tana birni. Kullum da dare sai ya buɗe kwamfuta ya nuna mini jadawalin da ya zana: makarantu, asibitoci, tituna, filin jirgi, kowanne ya ba shi maki, birnin ya yi wa garin fintinkau. Har jerin biranen da aka fi jin daɗin zama a duniya ya nemo a intanet, wai in ga manyan birane ne suka cika shi. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, akwai ƙawata da ke zaune can, in na ga hotunanta a Facebook sai in ji kamar an tafi an bar ni.

Amma da muka tambayi haya sai jikina ya yi sanyi. Gida mai ɗaki biyu kusa da ofishin zai lashe kusan rabin albashin. Inda za mu iya biya hankali kwance kuwa, an ce awa ɗaya da rabi ne zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa. Ga shi babban yaron yana da asma, ko nan da can ba na fita sai da abin shaƙarsa a jakata. Da na kawo wannan maganar sai maigida ya ce ai birni ne ke da manyan asibitoci, ni dai tsoron ci gaba nake yi. Maganar ta sosa mini rai, kwana biyu ba mu yi hira ba.

Anti, yaya ake auna gari da gari? Ba na so in zama sanadin da zai rasa wannan dama, nan da shekara goma ya riƙa ce mini "da ba don ke ba". Af, na manta: ƙaramin garin tafiyar minti 40 ce daga inda mahaifiyata take, amma wannan ba wani abu ba ne.

'Yarki mai neman mafita

Amsa

'Yata, sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma a karo na biyu sai da layin ƙarshe ya ba ni dariya. Za mu zo kansa.

Kada ki raina jadawalin maigidanki. Namijin da ya zauna ya zana jadawali ya ɗauki zaman iyalinsa da muhimmanci. Inda ya yi tuntuɓe shi ne ya auna birni sukutum, alhali ba mai zama a birni sukutum. Unguwa ɗaya mutum yake kwana, hanya biyu ko uku yake bi, makaranta ɗaya yake kai yara. Filin jirgin da ya ba maki ɗin nan, sau nawa kuka hau jirgi bara?

Jerin da ya nemo ma haka yake. Wanda ya fi shahara shi ne na sashen bincike na kamfanin mujallar The Economist, mai auna birane 173 ta fuskar tsaro, kiwon lafiya, ilimi, al'adu da muhalli, da kuma abubuwan more rayuwa. Vienna ta ƙasar Ostiriya ce ta zo ta ɗaya a 2022 da 2023 da 2024, Copenhagen ta ƙasar Denmark ta karɓe a 2025. Asalin irin wannan awo an fara shi ne don manyan kamfanoni su san nawa za su ƙara wa ma'aikacin da suka tura wata ƙasa a matsayin alawus ɗin wahala. Birane ne kawai a cikinsa, don haka rashin ganin ƙaramin garinku a ciki bai nuna komai ba. Ba a gayyace shi gasar ba ne.

Ku bar kallon albashi, ku kalli abin da zai rage bayan haya da sufuri da kuɗin makaranta. Masu lissafin gidaje suna da wani ma'auni, cewa haya kada ta wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da ke shigowa. Daga Amurka ya samo asali: a 1969 doka ta ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kashi 25, aka ɗaga zuwa 30 a 1981. Ba wahayi ba ne, amma ki duba naku lissafin da shi. Idan albashin ƙaramin gari 100 ne, na birni 140, rabinsa ya tafi haya, saura 70. Idan a ƙaramin garin haya ta tsaya a 25, saura 75. Kin ga ƙarin kashi 40 ɗin ya narke tun ba a sayi man mota ba. Ku nemo ainihin kuɗin hayar garin ku sa a gurbin nawa, don ni misali na kawo.

To, a ce kun zaɓi gida mai sauƙi a bayan gari. Awa 3 kullum, kwana 5 a mako, mako 48 a shekara, awa 720 ke nan. Kwana 30 cur, dare da rana, yana zaune cikin mota. 'Yar shekara 3 tana barci zai fita, tana barci zai dawo. Wasu masana tattalin arziki biyu, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun bi bayanan mutanen Jamus na shekaru da dama, suka wallafa a 2008 cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi ƙarancin gamsuwa da rayuwarsu, kuma ƙarin albashi ko gida mai kyau bai cike musu giɓin ba. Wannan lissafin na kwana 30 shi za ki fara ajiyewa a gabansa, don shi ne zai sha wahalar, ba ke ba.

Maganar yaro kuwa, maigidanki yana da gaskiya rabi. Ƙwararrun likitoci sun fi yawa a birni. Amma ranar da ƙirjin yaro ya toshe ƙarfe biyun dare, abin tambaya shi ne asibitin da za ku isa cikin minti goma sha biyar, ko yana da iskar oksijin da likitan kwana. Sai iskar da zai shaƙa kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta rage ma'auninta na ƙurar nan da ido ba ya gani, wadda ake kira PM2.5, daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace kyubik mita ta iska a matsakaicin shekara. Gida a bakin babban titi mai cunkoso bai dace da mai asma ba. Sai dai kada ki ɗauka ƙaramin gari tsarkakakke ne: ƙura, hayaƙin ƙona shara ko wata masana'anta a gefe duk suna tayar da ciwon. Ku kai wa likitansa sunayen wuraren biyu ku ji ta bakinsa.

Ƙawarki ta Facebook fa? Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ba wanda yake ɗaukar hoton kansa a cikin cunkoso. A 1998 David Schkade da Daniel Kahneman, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 2002, sun tambayi ɗaliban jami'a a Kalifoniya da na jihohin tsakiyar Amurka masu tsananin sanyi. Duka ɓangarorin sun zaci mutanen Kalifoniya sun fi jin daɗi saboda kyan yanayi, amma da kowa ya faɗi gamsuwarsa da tasa rayuwar, sai aka tarar kusan ɗaya suke. Ki kira ƙawar taki ki tambaye ta ƙarfe nawa take tashi.

Ɗinkinki ma ban gan shi a jadawalin ba. A sa shi.

Yanzu layin ƙarshe. "Wannan ba wani abu ba ne", in ji ki. 'Yata, wa kike ruɗa? Mace mai yara biyu, ɗaya mai asma, a ce mahaifiyarta tana minti 40 daga ƙofarta! Ranar da aka kwantar da babban, wa zai riƙe ƙaramar? A birnin da ba ku san kowa ba, kuɗi za ku biya, in ma kun samu wadda za ku yarda da ita. Kin ɓoye maganar ne don kada ya ce son kai ne, shi kuma da ya ji kina ta kewaye-kewaye sai ya fassara shi da tsoro. Ki faɗa masa kai tsaye cewa kina son zama kusa da mahaifiyarki, ya ba shi maki kamar yadda ya ba filin jirgi.

Shi ma ki tambaye shi abin da bai faɗa ba. Wataƙila ba albashin ne ke jansa ba, matsayin da aikin birnin zai kai shi nan da shekara biyar ne. Idan haka ne, hujja ce mai nauyi, kuma za ta iya sa a daure shekara biyu ko uku da sharaɗin za a sake zama a duba. Idan kuwa aikin biyu kusan ɗaya ne, ni a yadda kika zayyana, ƙaramin garin na fi karkata.

Kuna da sauran makonni, kuma na zaune bai ga gari ba. Ku je kowanne ku kwana biyu, a tsakiyar mako, ba ranar hutu ba. Ku sauka a unguwar da aljihunku zai iya, ya fita ƙarfe shida da rabi na safe ya bi hanyar ofis yana duba agogo, ke kuma ki je makaranta da asibiti mafi kusa, ki tambayi matan unguwar ruwa da wuta da tsaro. Kafin ku dawo kada wanda ya ce wa ɗan'uwansa komai. Kowa ya rubuta nasa a takarda, in kun iso gida yara sun yi barci sai ku yi musaya.

Anti