Me ya sa cinikin ranar ƙarshe ba ya fitowa?

Malam, ka ce ka rubuta wa wani kantin magani a Yamai manhajar lissafi, amma in ka nemi cinikin 1 zuwa 31 ga Janairu, na ranar 31 ba ya fitowa. Ni ma na taɓa kwana biyu ina neman wannan kuskuren.

Kwanan watan da ba a haɗa shi da awa ba, kwamfuta tana ɗaukarsa a matsayin ƙarfe 00:00. Da ka sa BETWEEN (umarnin da ke zaɓo bayanai tsakanin iyaka biyu) har 31 ga wata, iyakarka ta tsaya a tsakar daren da ranar ta fara, wanda ya sayi magani bayan La'asar ya faɗa waje ke nan. Maimakon haka, ka sa sharaɗin cewa lokacin ya kai 1 ga Janairu, amma ya gaza 1 ga Fabrairu. Kada ka yi dabarar tsayar da iyaka a 23:59:59, rabin daƙiƙa na iya zamewa. Da wannan hanya ba ruwanka da ko Fabrairu kwana 28 ce ko 29, kamar ta 2024.

Duba agogo kuma. Nijar tana gaban UTC (agogon bai-ɗaya na duniya) da awa ɗaya, don haka cinikin 00:30 a Yamai, a UTC na jiya ne.

In kana neman cinikin gadin dare na kantin, daga 20:00 zuwa 08:00, ya ƙetare tsakar dare: sharaɗin shi ne bayan 20:00 ko kafin 08:00.

Idan tsofaffin bayanan an ajiye su a matsayin rubutu irin 31/01/2025, kada ka taɓa su kai kaɗai. Kuɗin mutane ne, ka fara kwafe su, sannan ka zauna da ƙwararre kan rumbun bayanai.