Dannau ne, ga yadda yake faruwa

Malam, ka ce tun da aka fara girbin gero a ƙauyenku na wajen Ringim wani abu ke danne ka da asuba, kana ji kana gani amma ko yatsa ba ka iya ɗagawa. Dannau ke nan. Idan mutum yana mafarki, ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓinsa don kada ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali ya riga jiki farkawa, sai ka ji kamar an ɗora maka buhu a ƙirji, har ka hango inuwar mutum a bakin ƙofa, alhali ragowar mafarkin ne. Ba ya wuce 'yan mintoci. Ƙarancin barci da kwanciyar rigingine suna ƙara shi. Ka rage goron dare, ka riƙa kwanciya ta gefen dama.