Sojan ko-ta-kwana a Amurka da maganar gasar harbi

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kana neman gurbin karatu a Amurka, kuma ka ji ana cewa idan ka iso za ka iya shiga sojan ko-ta-kwana, wato waɗanda ba kullum suke aikin soja ba sai an kira su, ka koyi harbi har ka shiga gasa.

Bari in fara da inda gizo ke saƙar. Bizar ɗalibi ba ta kai mutum soja. Sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, wato girin kad. A da akwai shirin MAVNI da ke ɗaukar wasu baƙi, amma tun 2016 aka dakatar da shi. Kai, ko riƙe bindiga ma dokar tarayya ta hana mai bizar ɗalibi, sai da wasu 'yan keɓance-keɓance kamar lasisin farauta. Don Allah kada wani ya ja ka filin harbi ranar hutu ka jefa takardunka cikin haɗari.

Ni sai da na samu katin na shiga. Horon farko mako 10 ne, na yi shi a sansanin soja na Fort Jackson da ke Karolaina ta Kudu. Kafin ka ga harsashi, sai ka gaji da kwance bindigar M4 da haɗa ta. Ana fara saita ta a mita 25, ka koyi riƙe numfashi, ka matsa kunama a hankali ba fizga ba. Ranar jarrabawa mutum-mutumin roba 40 ne ke tasowa daga mita 50 zuwa 300, kowanne 'yan daƙiƙoƙi sai ya kwanta. Ka samu 23 ka tsira, 36 ka zama gwani. Ba na manta yadda mai kula da ma'ajiyar makamai ya zura auduga cikin bindigata, ya ga baƙi, ya maido min da ita har sau uku.

Bayan nan kuwa ƙarshen mako ɗaya ne a wata da mako biyu a shekara, kuma yawancinsa aikin sashenka ne. Ni direba ne, sai in yi watanni ban harba ko ɗaya ba.

Gasa tana nan, ba ƙarya aka faɗa maka ba. Akwai ta Camp Perry a jihar Ohayo da ake yi tun 1907, inda mutum 100 na farko a gasar shugaban ƙasa ke samun tambarin da ake ɗinkawa a kafaɗa. Akwai ta rundunar soja baki ɗaya a sansanin Fort Benning. Sai dai kai ne za ka bi kwamandanka da neman izini, kuma atisayen yawanci da lokacinka da aljihunka.

Abin da ya fi damuna shi ne kwangilar. Shekara 8 ce jimilla, kuma ana iya tura ka fagen yaƙi, kamar yadda aka tura dubban 'yan ko-ta-kwana Iraƙi da Afganistan. Ka zauna da Baba da Inna a kan wannan tukuna. Yanzu dai ka turo min sunan makarantar da kwas ɗin da kake nema mu duba tare.