Amsa ga mai tambayar kuɗin canza tagogin tsohon gida

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce gidan mahaifinku ne a Zariya, tagogi tara, wasu na luba wasu na katako, kana son sanin nawa za ka tanada ka mayar da su na alminiyam. Na ga 'yan'uwa sun riga sun ba ka farashin taga ɗai-ɗai, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai in ka ɗauki wannan farashin ka ninka sau tara ka ce shi ne lissafinka, wallahi a tsakiyar aiki kuɗi zai yanke maka. Ni ya faru da ni, shi ya sa na ce bari in yi doguwar magana.

Namu gidan a Kano yake. Marigayi Baba ya gina shi da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin nan da aka biya ma'aikata a 1975. Ɗakunan ciki bulo ne, amma zaure da shagon da ke jikinsa ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti. Tagogi goma sha ɗaya. Da na kawo mai alminiyam ya zagaya da tef ɗinsa, ya rubuta mini farashi a bayan kwalin sigari, na ji daɗi, na ce ai abin bai kai yadda nake tsoro ba. Ban san cewa kuɗin taga kawai ya rubuta ba, tsurarta, ba cirewa, ba gyaran bango, ba raga, ba ƙarafunan tsaro.

Ranar da aka fara cire tagar farko na gane inda gizo ke saƙa. Tsofaffin magina ba kusa suke bugawa ba, firam ɗin katako ko na ƙarfe suna binne ƙafafuwansa ne a cikin gini, su kama da siminti. Ba ya fita sai an sara bango. Ana sarawa filasta ta soma zubowa, faifai-faifai, har inda ba a taɓa ba. A ɗakunan bulo abin ya zo da sauƙi, birkila ya gyara gefe-gefe, aka wuce. A zaure kuwa, da aka zare firam ɗin sai muka tarar babu linta, wato zubin siminti da rodi da ke riƙe nauyin gini, ko kaɗan a saman tagar. Azara ce aka gitta, gara ta cinye ta tas, ashe shekara da shekaru wannan katakon tagar shi ke riƙe da ƙasar da ke samansa. Dole aka tokare, aka sayo rodi da tsakuwa da yashi, aka zuba linta, aka jira ta bushe. Taga biyu kawai suka ci mana kwana goma da kuɗin da ya kusa kai na tagogi huɗu sababbi.

Saboda haka abu na farko, kafin mai alminiyam ya taka gidan, kawo birkila dattijo wanda ya san tsohon gini. Ya ƙwanƙwasa saman kowace taga, ya ɗan kankare filasta ya ga abin da ke ciki. Kuɗin shayin da za ka ba shi ya fi maka duk wani farashi da za a turo maka ta waya. Gidajen Zariya na cikin birni da yawa ƙasa ce a ƙarƙashin siminti, ka fi ni sani.

Sai batun awo. Masu alminiyam sun saba da ƙafa huɗu-huɗu na ɗaki, da biyu-biyu na banɗaki, da shida a huɗu na falo. Tsohon gida bai san wannan ba. A namu, babu taga biyu da suka zo daidai da juna, wata ma samanta ya fi ƙasanta faɗi da kusan inci guda. Katako ana iya fere shi ya shiga, alminiyam da gilashi ba sa karɓar lallashi. Kada ka yarda a yanka ƙarfe da awon tsohuwar taga. A cire, birkila ya daidaita ramin da ma'auninsa, sannan a auna. Mu mun yi gaggawa a taga ɗaya, ta zo ta yi kaɗan, aka cike giɓin da siminti, har yau duk damina ta nan ruwa ke tsattsafowa.

Game da farashin kansa, dala yake bi. Kamfanin narka alminiyam na Ikot Abasi a Akwa Ibom ya daɗe ba ya aikin kirki, don haka kayan ko dai daga waje suke zuwa, ko kuma farashinsu na waje yake kallo. Ni na yi aikina kashi biyu. Tagogi shida na yi a ƙarshen 2022, kuɗi ya ƙare, na ce sauran sai baɗi. Aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, kafin watan Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, buhun siminti da muke saye wajen dubu huɗu da 'yan kai ya haura dubu goma. Huɗun da na canza a cikin biyar ɗin da suka rage sun ci fiye da shidan farko nesa ba kusa ba. In kuɗinka bai kai ba, shawarata ka sayi ƙarfen da gilashin duka ka ajiye, aikin hannu ya biyo baya a hankali. Kuma ka shiga kasuwa da ƙafarka. Mu nan Ƙofar Ruwa muke zuwa da Faransa Rod a Sabon Gari, ka tambayi shago uku kafin ka zaro ko sisi.

Idan mutum biyu suka ba ka farashi, ɗaya ya yi ƙasa sosai, tambaye shi kaurin ƙarfen. Akwai mai sirantaka da za ka danna da yatsa ya lotsa, akwai mai milimita 1.2 da ke da jiki. Gilashi ma akwai mai milimita huɗu, akwai mai biyar. Tayoyin da taga mai zamiya, wato wadda ake turawa gefe, ke gudu a kai da makullinta su ne ke fara mutuwa, musamman a ƙurarmu ta hunturu. Araha ba ta ado.

Akwai abin da na yi nadama a kai, ba kuma na kuɗi ba ne. Ɗakin Hajiya luba ce a da. Lubar ta dame mu da ƙura, gaskiya ne, amma in ka buɗe ta iska ta ko'ina take shiga. Na sa mata mai zamiya, wadda komai ka yi rabi kawai take buɗewa. Zafin Afrilu ya zo, ga ba wuta, tsohuwa ta koma kwana a tsakar gida tana cewa na mayar mata da ɗaki tanda. Sai da na sake cirewa na sa mai buɗewa waje kamar ƙofa. Ta fi tsada, amma a ɗakin kwana ita ce. Haka kuma baƙin gilashin nan mai kama da madubi: da rana na waje ba ya ganin ciki, da dare in an kunna fitila komai a fili yake. In tagar ɓangaren mata tana kallon layi, labule ba makawa.

Ba kowace taga ce ke bukatar canji ba, wannan ma ka duba. Muna da uku na ƙarfe irin na da, masu ƙananan gilasai. Mai walda ya ce mini irin wannan ƙarfen yanzu ba a samunsa. Na ƙi ji, na cire biyu, na sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Ta ukun da kuɗi ya hana ni taɓawa, aka kankare tsatsa, aka shafa jan fenti na hana tsatsa, aka canza gilasai huɗu da suka fashe. Yau ita ce ta fi duk sauran ƙwari.

Ƙarafunan tsaro lissafinsu daban, wajen mai walda, da fenti da kafawa. Don Allah a kowane ɓangare ka bar taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa da kwaɗo, makullin a rataye kusa inda kowa ya sani. Gobarar hunturu ba ta sallama, kuma an sha rasa rayuka saboda ƙofa ta kama da wuta taga kuma a garƙame.

Tunda gidan gado ne, ka zauna da sauran magada kafin ka fara, a rubuta wa ya bayar da me. Ba na son in faɗaɗa, amma na san abin da nake faɗa.

A nawa littafin, da na tattara komai, kuɗin tagogin kansu bai fi rabi da ɗan ɗoriya ba. Sauran ya tafi a siminti, yashi, rodi, birkila da leburansa, walda, raga, fenti, ɗan sahu mai ɗauko kaya, da abincin ma'aikata. To duk farashin da aka ba ka na tagogi tara, ka tanadi kusan ninkinsa. Kada ka fara da damina, ka bari ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, kuma a riƙa yi ɗaki-ɗaki don kada iyali su kwana da rami a bango. In ka samu dama ka ɗauko hoton saman tagogin ta waje da ta ciki, musamman na ɓangaren da kake zaton ƙasa ce, in duba maka.