Kura da Gardi, Bango da Ƙadangare: Tambayoyi kan Tseren Daytona na 1979

Wani malamin makaranta daga Gusau ya rubuto cewa yana shirya wa ɗalibansa darasin insha'i a kan wani tsohon tseren motoci na Amurka, wanda aka yi a Daytona ta jihar Florida ranar 18 ga Fabrairu, 1979. Tambayarsa ta farko: shin "sukuwar motoci" zai ce ko "tseren motoci"?

Malam, tsere za ka ce. Sukuwa ta doki ce, kuma ba dole sai da abokin hamayya ba. Mahayi shi kaɗai yana iya sakin linzami ya yi sukuwa, ya zo gaban sarki ya yi zamiya, babu wanda ya riga, babu wanda ya riga shi. Gaskiya ne ana kiran filin tseren dawaki na Kano Filin Sukuwa, amma dawakin ne suka jawo sunan. Kilisa kuwa ba ta shigo zancen ba sam, domin motsa doki ce cikin natsuwa. Tsere shi ne ke ɗauke da ma'anar wuce wani, kamar yadda muke cewa wane ya tsere sa'a. Rige-rige ma ta yi kusa, sai dai ta fi dacewa da turereniyar masu neman isa wuri kafin abu ya ƙare. Gasa ta haɗe su duka, har da ta karatu.

Tambaya ta biyu ita ce mai nama. Ɗalibansa sun rabu a kan karin maganar da ta dace da wanda ya ci tseren. Wasu sun ce "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi", wasu sun ce "tsuntsu daga sama gasasshe". Wa ke da gaskiya?

Sai an san yadda abin ya faru kafin a yanke hukunci. Filin Daytona kewayensa mil biyu da rabi ne, ana zagaya shi sau 200 a cika mil 500. Motocin da ake tseren da su asali irin na kasuwa ne da kowa ke iya saye, haka ƙungiyar NASCAR mai shirya irin wannan tsere ta faro bayan kafa ta a 1948, kodayake zuwa 1979 siffar jikin ce kawai ta rage, cikin duk an sake shi. A zagayen ƙarshe Donnie Allison ne a gaba, Cale Yarborough na manne da bayansa. Wannan mannewar dabara ce: motar gaba ce ke yaƙi da iska, ta baya tana fakewa tana tara ƙarfi, sai a daidai lokaci ta fito ta yi wuf ta wuce. Mai motar da Yarborough ke tuƙawa ma, Junior Johnson, tsohon mai fasa-ƙwaurin barasa, shi ake dangantawa da gano dabarar a wannan fili tun 1960. Yarborough ya fito ta hagu zai wuce, Allison ya tare hanya. Tayoyin Yarborough suka hau jiƙaƙƙiyar ciyawa, don an yi ruwa kafin tseren, mota ta ƙwace, suka yi ta gogar juna har suka daki katanga a kwana ta uku, suka gangaro cikin fili suka tsaya. Richard Petty, wanda ke can baya da kusan rabin zagaye, ya zo ya wuce su, ya riga Darrell Waltrip isa layi da tsawon mota ɗaya kacal.

To, maganar kura da gardi ba ta hau ba. Mutane da yawa suna jefa ta duk inda wani ya wahala wani ya ci riba, alhali tana da sharaɗi. Gardi shi ne ya ɗaure kurar, shi ya sa mata takunkumi, shi ke dukanta a gaban 'yan kallo, kuɗin kuma saboda dukan ake ba shi. Dole a samu alaƙar ci da gumin wani tsakanin su biyun. Petty bai sa Allison da Yarborough karo ba, ba kuma yaransa ba ne. Idan ɗalibi ya ce Petty gardi ne, ya ɗora masa zaluncin da bai yi ba.

Tsuntsu daga sama gasasshe ta fi kusa, amma ita ma tana da rauni. Ana faɗarta ga wanda yake zaune abinsa, bai ɗana tarko ba, bai hura wuta ba, arziki ya faɗo masa. Mutumin da ya yi zagaye 199, gudunsa a wasu lokuta yana haura mil 180 a awa, watanni kaɗan bayan an yi masa tiyatar da aka yanke wani ɓangare na tumbinsa, ba a zaune tsuntsun ya same shi ba. Kuma da ya yi sako-sako ko na ƙiftawar ido, Waltrip ne zai ɗauke.

Ni da zan zaɓa, sai in ce "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga". Asalin inda ake amfani da ita shi ne gargaɗi ga 'yan'uwa ko ma'aurata: saɓaninku ne ke ba na waje ƙofa. Nauyinta a kan bangon yake, ba a kan ƙadangaren ba, kuma nan ne ta dace, domin laifin na biyun gaba ne. Da ɗayansu ya haƙura da zama na biyu, Petty na uku zai zo. Sannan ƙadangaren ba daga sama ya faɗo ba, yana maƙale a jikin bangon tun da farko. Ga mai son ya kalli abin ta fuskar Petty kaɗai, wanda ya yi tsere 45 a jere bai ci ko ɗaya ba kafin ranar, "rabon kwaɗo ba ya hawa sama" ta wadatar. Allison da Yarborough kuwa sun tashi ba tsuntsu ba tarko.

Malamin ya ƙara da tambayar ko "kare jini, biri jini" ta yi daidai da damben da ya biyo baya. Bobby Allison, yayan Donnie, ya tsayar da motarsa a wurin, cacar baki ta kaure, Yarborough ya kai masa duka da hular kwano, suka kama kokawa cikin laka. Ta yi daidai, tunda ana faɗarta ne inda aka yi karon da kowane ɓangare ya ji jiki, babu mai cewa shi ya yi galaba.

A nan ne ma ɗaliban da suka kawo kura da gardi za su iya samun inda za su ajiye ta. Wannan ne karo na farko da aka nuna tseren mil 500 kai tsaye daga farko har ƙarshe a talabijin a faɗin Amurka, tashar CBS ce ta ɗauka, kuma ranar dusar ƙanƙara ta kulle mutanen gabashin ƙasar a gida. Miliyoyi suka ga karon da damben, wasan da a da ake ɗauka na mutanen kudancin ƙasar ne ya shiga bakin kowa. Masu shirya tseren suka kwashi farin jini da kuɗin talla, sannan suka ci direbobin nan uku tarar dala 6,000 kowanne.