Tambaya da Amsa: Daga Ina Majalisar Dokokin Sisiliya Ta Samo Ikonta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, a darasin tsarin mulki an koya mana cewa Italiya ba ƙasar tarayya ba ce, sai kuma na karanta cewa tsibirin Sisiliya yana da majalisar dokoki tasa wadda ta girmi kundin tsarin mulkin ƙasar. Yaya maganganun nan biyu suka haɗu, kuma mene ne hurumin wannan majalisa? Daga wani ɗalibin kimiyyar siyasa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Duka biyun gaskiya ne. Italiya jamhuriya ce ɗaya dunƙulalliya, amma an kasa ta zuwa yankuna 20, kuma kowane yanki yana da majalisarsa. Biyar daga cikinsu, wato Sisiliya da Sardiniya da Valle d'Aosta da Trentino-Alto Adige da Friuli-Venezia Giulia, suna da dokar cin gashin kai ta musamman, sauran 15 kuwa sai a shekarar 1970 suka fara zaɓen majalisunsu.

Abin da ya sa Sisiliya ta riga kowa shi ne tsoron ɓallewa. Bayan da sojojin ƙawance suka sauka a tsibirin a watan Yulin 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙungiyar neman 'yancin kai ƙarƙashin Andrea Finocchiaro Aprile ta yi ƙarfi, har wasu magoya bayanta suka ɗauki makamai. Gwamnatin Roma ta ga gara ta ba tsibirin iko mai faɗi da ta rasa shi baki ɗaya, saboda haka ranar 15 ga Mayun 1946 Sarki Umberto na Biyu ya sa hannu a dokar cin gashin kan Sisiliya, makonni kaɗan kafin ƙuri'ar raba gardama ta 2 ga Yuni da ta kawo ƙarshen sarautar. Kundin tsarin mulkin jamhuriya bai fara aiki ba sai 1 ga Janairun 1948, kuma ranar 26 ga Fabrairun wannan shekara aka ɗaga dokar Sisiliya zuwa matsayin dokar tsarin mulki.

An yi zaɓen farko ranar 20 ga Afrilun 1947, kuma gamayyar 'yan gurguzu da 'yan kwaminisanci ta zo kan gaba da kujeru 29 cikin 90. Ba a yi mako biyu ba, ranar 1 ga Mayu, 'yan bindigar wani madugun 'yan fashi, Salvatore Giuliano, suka buɗe wuta a kan manoma da iyalansu da suka taru bikin ranar ma'aikata a Portella della Ginestra, suka kashe mutum 11. A cikin wannan juyayi majalisar ta yi zamanta na farko ranar 25 ga Mayu. Duk wanda yake son fahimtar ta bai kamata ya tsallake wannan ba, domin rikicin gonaki da tashin hankalin da ke tattare da shi su ne abin farko da ta tarar a gabanta.

Hurumin da aka rubuta mata yana da faɗi: noma da dazuzzuka, masana'antu da kasuwanci, ma'adinai, kamun kifi, tsara birane, yawon buɗe ido, kayan tarihi da gidajen adana su, da tsarin ƙananan hukumomi. Tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da kuɗin ƙasa suna hannun Roma. Sai dai ba duk abin da ke takarda ya rayu ba. Dokar 1946 ta kafa wata babbar kotu ta musamman don sasanta tsibirin da gwamnatin ƙasa, amma a 1957 Kotun Tsarin Mulki ta Italiya ta yanke cewa ita kaɗai ke da wannan hurumi, kuma tun daga lokacin ita ce ke auna dokokin Sisiliya kamar na kowane yanki.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Shin 'yan majalisar ne suke naɗa shugaban yankin, kuma suna iya tsige shi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Barka kadai, Malama. A da su ne suke zaɓensa daga cikinsu, kuma wannan ya sa kujerar ta zama mai santsi. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne na 1958, lokacin da Silvio Milazzo, ɗan jam'iyyar Kiristoci ta dimokuraɗiyya, ya zama shugaban yanki ba da yardar jam'iyyarsa ba, da ƙuri'un 'yan kwaminisanci da na masu tsattsauran ra'ayin dama, mutanen da a Roma ba sa ga maciji da juna. Jam'iyyar ta kore shi, amma ya kafa gwamnatinsa. Ta wannan hanya ta zaɓen majalisa ce kuma Piersanti Mattarella ya hau kujerar a 1978, ya yunƙura ya tsabtace harkar kwangilolin gwamnati, har aka harbe shi a Palermo, babban birnin tsibirin, ranar 6 ga Janairun 1980. Ƙaninsa Sergio Mattarella shi ne shugaban ƙasar Italiya tun 2015.

Tun daga 2001 jama'a ne ke zaɓen shugaban yanki kai tsaye, rana ɗaya da 'yan majalisa, na wa'adin shekara biyar. Majalisa tana iya kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa, amma idan ta yi nasara ita ma ta rushe, kowa ya koma gaban masu zaɓe. A ganina wannan ƙa'ida ta kawo kwanciyar gwamnati, amma ta rage wa majalisa kaifi, domin da wuya ɗan majalisa ya yanke reshen da yake zaune a kai. Makamin da ya rage a hannunsu shi ne ƙuri'ar sirri, wadda har yau ana yawan amfani da ita a zauren, kuma a nan ne 'yan ɓangaren gwamnati kan kayar da ƙudurin gwamnatinsu ba tare da an san ko su wane ne ba.

An rage yawan kujeru daga 90 zuwa 70, kuma ragin ya fara aiki daga zaɓen 2017. Kujeru 62 ana raba su ne bisa yawan ƙuri'u a larduna tara na tsibirin, tsakanin jam'iyyun da suka sami aƙalla kashi 5 cikin ɗari. Bakwai na shugaban da ya ci ne tare da jerin mutanensa. Ɗaya kuma ta ɗan takarar shugabanci da ya zo na biyu.

TAMBAYA: Da gaske ne ita ce majalisa mafi tsufa a duniya? Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Malam, wannan magana tana bukatar taka tsantsan. Mutanen Sisiliya suna danganta asalin majalisarsu da taron da Roger na Ɗaya, shugaban Normawan da suka ƙwace tsibirin daga hannun Musulmi, ya kira a Mazara del Vallo a 1097, da wanda aka yi a Palermo a 1130, shekarar da aka naɗa Roger na Biyu sarki. Waɗannan tarukan manyan masu ƙasa ne da shugabannin coci, ba wakilan da talakawa suka zaɓa ba, kuma zaren ya sha tsinkewa. A 1812 majalisar ta amince da kundin tsarin mulki da ya soke tsohon tsarin mallakar ƙasa na iyayen giji, amma a 1816 aka haɗe tsibirin da masarautar Napoli ta kudancin Italiya, majalisar ta daina zama. Juyin juya halin 1848 ya farfaɗo da ita, aka sake murƙushe ta a 1849, daga nan tsibirin bai sake samun majalisa ba sai 1947. Abin da za a iya faɗa ba tare da ƙari ba shi ne tana cikin majalisun Turai masu tsohon asali.

Ginin da take zama a ciki kuwa tsufansa ba ya bukatar gardama. Fadar Normawa ce da ke Palermo, wadda aka ɗora a kan ganuwar da sarakunan Musulmi suka yi amfani da ita lokacin da suke mulkin tsibirin. 'Yan majalisa suna muhawara a zauren da ake kira Sala d'Ercole, a ƙasa da su kuma akwai ƙaramin cocin fada na Roger na Biyu, wanda bangonsa ke lulluɓe da adon zinariya irin na Rumawan gabas, rufinsa na katako kuwa sassaƙa ce irin ta gine-ginen Musulunci, har da rubutun Larabci a jikinsa. A 2015 hukumar UNESCO ta sanya fadar da cocin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.