Haƙorin kada: magani ne ko guba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne daga wani ƙauye kusa da Auyo a Jigawa. Akwai ciyawa mai ƙaya da fure ruwan ɗorawa da ke fitowa a fadamarmu da rani, muna ce mata haƙorin kada. Kakata tana dafa ganyenta don zazzaɓi da shawara, amma wani ya ce min guba ce. Mene ne a cikinta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kakarka tana da hujja, wanda ya gargaɗe ka ma bai yi ƙarya ba, sai dai kowannensu ɓangaren da yake magana a kai daban ne. Wasu na kiran wannan ciyawa ƙwarƙo, wasu ka-ƙi-ruwan-Allah saboda ruwa ba ya zama a ganyenta. Masana kimiyya suna ce mata Argemone mexicana, asalinta Meziko. Idan ka karya karanta za ka ga ƙaro rawaya kamar ƙwanduwar ƙwai yana tsattsafowa. A ciki akwai sinadarai masu ɗaci da ake kira alkaloyid, waɗanda tsiro ke yi don kare kansa. Shi ya sa ko akuya ba ta cika kula ta ba.

A ganye, manyan sinadaran nan su ne berberin da furotofin da alokiriftofin, kuma suna yaƙar ƙwayar maleriya. A ƙasar Mali an gwada dafaffen ganyen a wani ƙauye na yankin Sikasso, aka buga sakamako a 2010: kashi 89 cikin ɗari na waɗanda suka sha ba su buƙaci wani magani ba cikin kwana 28, a masu shan maganin asibiti kuwa kashi 95. Amma yawancin masu shan ganyen ƙwayar cutar ba ta fita daga jininsu gaba ɗaya ba, kuma ma'aikatan lafiya na bibiyar su. Don haka yaro mai zazzaɓi a kai shi a gwada jininsa tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne iri. Waɗannan ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi da ke cikin kwanso mai ƙaya suna ɗauke da wani sinadari mai suna sanguinarin, wanda ke raunana ƙananan jijiyoyin jini har ruwa ya riƙa zuba cikin tsoka. Sai ƙafafu su kumbura, ka danna da yatsa wurin ya lotsa, numfashi ya yi wuya, zuciya ta gaza, wani kuma hawan jinin ido ya kama shi. A 1998 a Delhi ta Indiya an gauraya man wannan iri da man girki, mutum wajen 3,000 suka kwanta, fiye da 60 suka rasu.

Maganar shawara kuwa, ina roƙonka don Allah ka isar wa Kaka cikin ladabi: kada a ba jariri ko mai ciki ko mai shayarwa dafaffen ganyen. Berberin yana sakin sinadarin shawara a jinin jariri ya haura ƙwaƙwalwa. Ƙaron ma kada a ɗiga a ido.

Tunda a fadama kake noma, ka tuge ciyawar kafin kwanson ya bushe ya fashe. In kana da alkama, a tankaɗe ta da kyau don a fitar da irin ciyawar kafin a kai niƙa, tsakin kuma kada a watsa wa kaji.